Sabulun da Yaya Dije Ba Ta Buga wa Hatimi Ba

Ina cikin gona ina ɗaurin dawa, rana ta take tsaka, sai ga wani mai jaki ya tsaya a bakin iyaka. Na san shi a fuska, daga garin su Yaya Dije yake kawo itace kasuwar Minjibir. Bai ƙarasa gaisuwa ba ya ce, "Malam Ɗanjuma, sai haƙuri. Yayarka ta cika jiya, an kuma kai ta." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na zauna a kan damin da nake ɗaurewa. Ya ja jakinsa kamar zai wuce, ya kuma tsaya yana sosa ƙeya.

Ya ce, "Akwai wata magana, amma gara ka ji ta a can."

Na ce, "Wanda ya ji mutuwa, me kuma za a ɓoye masa?"

Ya ce, "Ana cewa sabulunta ba shi da tsarki. An ce da kitsen mushe take yi."

Tun daga wannan rana ban iya zama wuri ɗaya ba. Na bar dawata a ƙasa, gara ta samu rabonta. Ina kai da komo tsakanin gidana da garin da ta rasu, in na isa can in ji kamar in dawo, in na dawo in kasa shan ruwa. Wannan takarda na rubuta ta ne domin a karanta wa waɗanda za su taru ranar sadakar arba'in, da duk wanda ta faɗa hannunsa bayan haka. Mace ce da ta ƙare rayuwarta tana wanke mutane, aka wayi gari ana cewa ita ce ta ƙazantar da su. In wannan magana ta zauna, sunanta ya ɓaci a kabari, 'yarta Kande kuma, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ba ta da abin da za ta ci, don ba ta san wata sana'a ba sai tukunyar uwarta.

Dije yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goye ni bayan Inna ta rasu. An yi mata aure a wani ƙauye arewa da mu, mijin ya riga ta tafiya tun tana da sauran ƙarfi, ta kuwa ƙi komawa gidan kowa. Ta ce tana da hannu biyu da toka. Da sabulu ta ciyar da kanta, da shi ta aurar da Kande, da shi ta karɓe ta da takaba ta ƙare.

Waɗanda suka saya ba su san wahalar da ke ciki ba, don haka bari in faɗa. Da kaka takan bi gonaki tana roƙon karan gero, ta tara, ta ƙone shi a wuri mai tsabta inda akuya ba ta takawa. Tokar takan zuba a tukunya mai huda a gindi, an shimfiɗa ciyawa a ciki, ta bi da ruwa, ya yi ta ɗiga cikin kasko. Wannan ruwan toka yakan ci fata. Tana tsoma gashin kaza a ciki, in ya fito a zagwanye ta san ya yi ƙarfi, in ya fito lafiya ta mayar da ruwan kan sabuwar toka. Kitsen shanu kuwa takan yayyanka shi, ta narkar, ta tace, ya zama kakide fari tas. Sai a haɗa a wuta, ta tsaya a kai da muciya tun hantsi har rana ta karkata, hayaƙi yana shiga idonta. In ya fara kama jiki ta jefa 'yar kanwa don ya yi tauri, ta barbaɗa dakakken kajiji ko jema don ƙanshi. Tafin hannunta duk faso ne. Lalle bai taɓa zama a kansa ba.

Sauran mata masu sabulu a nan suke tsayawa, su mulmula, su jera a faifai. Ita kuwa sai ta danne kowane curi da tafin hannu ya yi faɗi, ta buga masa zane tun yana da ɗumi, ta bi gefensa da tsinke tana ɗigo-ɗigo kamar bakin wuyan riga. Na taɓa zama ina kallonta har na gaji, na ce, "Yaya, abin da zai narke a bakin rijiya, me ya sa kike ɓata masa yini?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Kai da za ka narke a ƙasa, me ya sa kake naɗa rawani?"

Zanen nan kuwa yana da asali, kuma asalin ne ya sa nake wannan rubutu. Na yi shekaru a Birni ina karatu a zaurukan malamai, har na sa rai za a zaunar da ni kusa da wani alƙali. Da na ga yadda ake rabon wuraren zama, wanda aka haifa a gidan da ya dace da wanda ya iya kai gaisuwa, na naɗe buzuna na dawo na kama fartanya. Ban dawo da komai ba sai riga ɗaya da baƙin ciki. A gidan Yaya na fara sauka. A nan na ga wata mata doguwa, Bamagujiya daga gidajen tsallaken fadama, ta shigo da ƙwarya cike da kitse a ka. Sunanta Shekara. Tun suna 'yan mata suke ƙawance da Yaya, a bakin rafi suka san juna. In Maguzawa suka yanka sa a bikinsu, Shekara takan kawo kitsen, Yaya ta dafa musu sabulu, su biya ta da hatsi.

Da matar ta tafi na ce, "Yaya, wa ya yanka san nan?"

Ta ce, "Su mana."

Na gaya mata abin da na karanta. Yankan wanda ba ya salla ba ya halatta, kitsensa hukuncin mushe yake ɗauka, tufar da aka wanke da shi kuwa ba a shiga salla da ita sai an sake ɗauraye ta. Na ce mafi sauƙi ta daina karɓa. Ta ci gaba da juya muciya, har na zaci ta ji haushi.

Can ta ce, "Na ji ta farko, Ɗanjuma, ai kai ka yi karatu. Ta biyun ce ban ji ba. Su ma suna haihuwa, su ma suna gumi a gona. In na daina, da me Shekara za ta wanke jariri? Gaya mini yadda zan raba, kada ka gaya mini yadda zan kore ta."

Na ce to sai ta raba komai. Kafin kasuwa ta zagayo ta sayi sabuwar tukunya da sabuwar muciya da sabon faifai. Ta gina murhu na biyu a bayan rumbu, nesa da na farko. Har zanin da take ɗaurawa in za ta dafa na Maguzawa daban ne, in ta gama ta yi wanka kafin ta taɓa butar alwala. Sannan ta je wurin mai zanen ƙorai ya sassaƙa mata sakaina biyu. Ɗaya dagi, zanen ƙullin nan na jikin riga, na Musulmi. Ɗaya ƙadangare, na mutanen Shekara. Takan kira su hatimanta. In tana so ta tsokane ni sai ta ɗaga ɗaya ta ce, "Ga hatimi ba gaisuwa, Malam. Ko in ara maka ka je ka yi alƙalanci a bayan rumbu?"

Kowa a garin ya san wannan. Yarinyar da aka aika sayen sabulu ta san dagi za ta karɓo. Na faɗa na kuma maimaita, kowa ya sani.

Kitsen tukunyar Musulmi wurin mutum ɗaya take saye, Tanko mahauci. Ranar kasuwa takan riga shi isa mayanka, ta tsaya daga nesa da ƙwaryarta har ta ji an ambaci sunan Allah, ta ga jini ya zuba. Tanko yakan yi mata ba'a, ya ce, "Inna Dije, ko ke za ki karɓi wuƙar?" Ita kuma ta ce, "In ka ci gaba da haɗa mini da jijiya, zan karɓa, amma ba sa zan yanka ba." Sau ɗaya ta makara, ta tarar an riga an feɗe. Ya rantse mata yankan malam ne. Ta ce ta yarda, ba ta ce yana ƙarya ba, amma idonta bai gani ba. Ta koma gida da ƙwarya wayam, makon nan ba ta ɗora tukunya ba.

Tana da wata ɗabi'a da ban fahimta ba sai da na tsufa. In mace ta haihu a garin, ko a tsallaken fadama, takan aika mata da curi ɗaya da ta fi ƙawatawa, ba ta karɓar komai. In an yi rasuwa ma haka. Takan ce mai shigowa da mai fita ba a yi musu ciniki. Ba waliyyiya ba ce, kada in yi mata ƙarya tana kwance. Tana da faɗa, bakinta ya fi ruwan tokarta kaifi, kuma in ta ƙi mutum sai ta shekara tana amsa gaisuwarsa da hanci. Ni kaina mun yi wata da watanni ba ma magana a kan gonar gado. Amma cuta ba ta iya ba. Takan ce da Kande, "Sabulu ba ya rufa wa kowa asiri. In kika cuce shi a tukunya, a bakin rijiya zai tona ki."

Ga yadda abin ya faru, kamar yadda na tattara daga bakin waɗanda suke nan. Kande ta tafi garin dangin mijinta da yara, ana rabon amfanin gonar marayu. Yaya tana gida ita kaɗai, jikinta ba daɗi, tana fama da ciwon ƙirji tun damina. Sai Shekara ta kawo kitse, ta ce jikanyarta ta kusa sauka, amma in jiki ba ya so a bari. Yaya ta ce haihuwa ba ta jira. Ta dafa, ta sauke, ta wanke tukunya ta kife kamar yadda ta saba, ta mulmula, ta jera. Rana ta yi zafi a bayan rumbu, sai ta ɗauko faifan ta kawo inuwar ƙofar ɗakinta don ta buga zane a zaune. A nan maƙwabciyarta ta same ta ta jingina da bango, rai ya yi halinsa. Sabulun yana gabanta, fuskarsa a shafe, ba dagi ba ƙadangare.

Gida ya cika da mata. Ana neman abin wanke tabarmi da tufafi, ga sabulu a ƙofar ɗaki, sai aka ɗiba. Wasu suka tafi da shi gida don tabarruki. Ba wanda ya yi nufin sharri. Sai da aka dawo daga maƙabarta wata ta tuna ta ga Shekara ta shigo da ƙwarya a ka. Kafin rana ta faɗi maganar ta canza kama. Aka ce ashe haka take yi, tukunya ɗaya take dafawa, daga baya ta buga wa kowa zanen da yake so. Aka ce murhun bayan rumbu na ganin ido ne.

Garin suna da sabon liman. Tsohon da ya san Yaya ya rasu bara, aka kawo wannan, saurayi, ɗan'uwan wani na kusa da hakimi. Ba jahili ba ne, ba zan zalunce shi ba. Maganar ta kai kunnensa, bai tambayi kowa ba, bayan sallar la'asar ya juyo ya ce duk mai sabulun marigayiya a gida ya fitar da shi, ya sake wanke tufafinsa.

Da na iso garin, kafin in shiga gidan makoki, hanya ta bi da ni ta bakin kududdufi. A nan na gan su. Sabulai ne masu dagi birjik a cikin laka, wasu sun fara narkewa, ɗigo-ɗigon tsinken nan yana nan a gefensu. Ruwan ya yi kumfa fari, ƙanshin kajiji yana tashi daga wurin da ake zubar da shara. Na daɗe a tsaye. Mutuwarta ban yi kuka ba, don na san hanya ce. A nan ne na yi shi.

Ranar sadakar bakwai muna zaune a zaure, liman yana nan, dattawan gari suna nan, sai ga Shekara ta tsaya a ƙofa. Ta tsufa, ta rankwafa, amma muryar tana nan. Ba ta cire takalmi ba don ba ta da shi.

Ta ce, "Na zo gaisuwa, na kuma zo ɗaukar kayana. Sabulun nan da kuke ta hayaniya a kai nawa ne. Ni na kawo kitsen. Na jikanyata ne, ta ma haihu, namiji."

Wani dattijo ya ce, "To, kun ji. Ta tabbata."

Ta ce, "Me ya tabbata, Gambo? Kai da muka yi kiwo tare kana tsoron ɗan maraƙi? Wannan nawa ne, mutuwa ce ta riga ƙadangare. Tun muna da haƙora Dije take dafa mini, ko sau ɗaya dagi bai shiga gidana ba. Na taɓa roƙonta ta ba ni, don ya fi kyau a ido, ta ce in je in yi salla tukuna. Muciyarku ma ba ta bari in taɓa. Na rantse da aradu."

Liman ya ce, cikin ladabi, "Iya, mun ji. Amma shari'a ba ta karɓar shaidarki a kan abin da ya shafi ibadarmu."

Ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce, "Ɗana, damin da jakadan hakimi yake karɓa a gidanmu kowace kaka, ban taɓa ji an ce ba shi da tsarki ba. Hatsinmu yana shiga, maganarmu ce ba ta shiga?"

Ba ta jira amsa ba. Ta wuce cikin gida, ta tattara abin da ya rage a faifan, ta ɗora a ka, ta bi ta tsakiyar gari da shi ba ta rufe ba.

Na yi magana bayan ta fita. Na ce asalin abu tsarki ne har sai an tabbatar da akasi, zato kuma ba ya rushe abin da aka sani shekara da shekaru. Na ce wannan curin da aka ɗiba a ranar rasuwa shi kaɗai ne abin wankewa, sauran ba ruwansu. Liman ya ce a sha'anin salla, in shakka ta shigo, barin abu ya fi aminci. Ya ce ni ɗan'uwanta ne, ba a garin nake zaune ba, ban ga tukunyarta kullum ba. Ya ce in akwai Musulmi baligi wanda ba danginta ba da zai tsaya, zai saurara. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk abin da ya faɗa na san shafin da ya ɗauko shi, wanda na faɗa shi ma ya san nasa. Karatu ɗaya muka yi. Sanda ce, wanda aka damƙa wa shi yake bugu. Ita kuwa da aka buga, ita ce ta ji hukunci sau ɗaya daga bakin ƙaninta ta bi shi har ranar da ta faɗi.

Na je wurin Tanko. Na same shi yana wasa wuƙa a gindin ɗorawa. Na ce, "Kai kaɗai ka san inda kitsen dagi yake fitowa. Zo ka faɗa."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Malam, ka san wanda yake yi mini yanka ranar kasuwa. Liman ne. In ya janye hannunsa, namana ya zama abin da ake cewa sabulun Inna ya zama. Ina da iyali."

Na ce, "Ita ma ta bar iyali."

Ya ce, "Allah ya ji ƙanta," ya ci gaba da wasa wuƙarsa.

Na fita daga garin a ranar ina cewa ba zan sake taka shi ba. Ban kai gida ba na fara tunanin komawa. Haka na yi ta yi, hanya ta san ni, har masu gonakin bakin hanya suka daina tambayata ina zuwa. Kande kuwa tana zaune, murhu biyu duk a mace, ba mai aiko yarinya. Matan da uwarta ta aika wa sabulun haihuwa suna ganinta a rijiya su kau da kai.

Wata safiya na iso na tuɓe rigata, wadda na dawo da ita daga Birni, na rataye a zaure na kishingiɗa don gajiya. Da na farka babu riga. Na leƙa waje, sai na hango Kande a bakin rijiyar gari, a gaban matan da ke ɗiban ruwa, tana cuɗa ta da sabulu mai dagi. Ashe ta ɓoye guda cikin na hannun uwarta a ƙasan tukunyar hatsi. Ba ta yi a ɓoye ba, har ɗaga shi take yi kowa ya ga zanen. Ta ɗauraye, ta shanya a kan dangar da ke fuskantar masallaci. Da aka kira azahar ta kawo mini ita a ninke.

Ta ce, "Kawu, ga rigarka."

Na ce, "Kande, wa ya sa ki?"

Ta ce, "Kai ka ce wa Inna ta raba tukunya, ta raba. Ka ce a zaure sabulunta mai tsarki ne. To ga shi a jikin riga. In gaskiya ka faɗa, sa ka je sahun gaba. In kuma a baki ne kawai, gaya mini in kai sakainun nan kududdufi su bi 'yan'uwansu, in huta."

Na daɗe da daina shiga sahun gaba a kowane masallaci. Amma 'yar Dije ce, da idon Dije take kallona. Na sa rigar da sauran danshi a hammata, na tafi.

Labari ya riga ni. Na tsaya a sahun farko, ƙanshin kajiji yana tashi daga jikina, ba mai iya cewa bai ji ba. Na damana ya matsa. Na haguna, Gambo, ya yi kamar yana gyara buzu, ya ja baya. Aka bar ni da fili a kowane gefe, wanda akuya za ta iya ratsawa. Liman ya juyo ya ce a daidaita sahu, a cike gurbi, kamar yadda ake faɗa kullum. Ya ga gurbin, ya ga dalilinsa, ya juya ya fuskanci alƙibla. Ba wanda ya motsa. Aka tayar da iƙama.

Har an ɗaga hannu za a yi kabbara na ji kafaɗa ta bugi tawa ta dama, da ƙarfi, irin ta mai ɗaukar cinyar sa. Warin ɗanyen nama ya haɗu da kajiji. Ban waiga ba, na san Tanko ne. Ya manna ƙafarsa da tawa, rigarsa tana gogar rigata a kowace ruku'u da sujada. Gurbin hagu haka ya zauna har aka sallame.

Kada wani ya ce na ce an gama. Tanko bai buɗe baki ba, har yau bai buɗe ba. Da aka idar ya ɗauki takalminsa ya fita kamar wanda aka kora. Liman bai janye maganarsa ba, ko da yake ranar kasuwa ya je ya yi yanka kamar kullum. Kande ta riga su isa mayanka da ƙwaryar uwarta, ta tsaya inda uwarta take tsayawa. Ta ɗora tukunya. Mata biyu ko uku sun aiko, sauran suna jira su ga inda iska za ta kaɗa. Murhun bayan rumbu ma ta ce za ta hura shi in Shekara ta kawo, na ce ta yi tunani, ta ce ta gama tunani. Ban san yadda za ta ƙare ba, kuma na tsufa da sa rai a kan mutane.

Ku da kuke zaune ana karanta muku wannan, akwai gurbi a hagu. Da yawanku da sabulunta aka yi muku wankan farko, da shi aka wanke iyayenku aka kai su. Kun san abin da kuka sani. Ranar da za a tambaye ku, liman ba zai amsa muku ba, ni ma ba zan amsa ba.

Ya Allah, ga baiwarka Dije ta zo gare ka da hannuwa masu faso. Kai ka ga tukunyarta lokacin da ba mai kallo, ba ka bukatar shaidar kowa. Ka gafarta mata kaifin harshenta da abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka wanke ta daga zunubi, ka yalwata kabarinta, ka sanyaya makwancinta, ka haɗa ta da Inna da Baba a cikin rahamarka. Ka ba Kande haƙuri da ƙarfin hannu, ka raya marayunta, kada ka bar su su roƙi waɗanda suka juya musu baya. Ka saka wa duk wanda ya tsaya mata, ko da baki ko da kafaɗa, ko yana cikin sahu ko yana tsallaken fadama, kai ka san yadda za ka yi da bayinka. Waɗanda suka yi magana ba da sani ba, ka shiryar da su. Ni kuma ka cire mini wannan ɗaci kafin ka kira ni, don na kasa cire shi da kaina. Amin.